Babi na Shida: Ruwa Ba Ya Jiran Kasuwa Ta Gyaru

A watan Oktoba na 2018 wani injiniya mai suna Frank Morabito ya miƙa wa kwamitin wani bene rahoton binciken da aka sa shi. Benen, Champlain Towers South, yana bakin teku a garin Surfside, kusa da Miami a jihar Florida ta Amurka. Hawa 12 ne, an gama shi a 1981, kuma a cikinsa akwai gidaje 136, kowanne da mai shi. Irin ginin nan ne da mutum ke mallakar ɗakunansa shi kaɗai, amma rufi da ginshiƙai da matakala da wurin ajiye motoci na kowa da kowa ne. Saboda haka masu gidajen kan zaɓi wasu daga cikinsu su riƙe amanar ginin, su karɓi kuɗin wata-wata, su tsai da abin da za a gyara da lokacin da za a gyara shi. Aikin sa kai ne, ba a biyan su ko kwabo, kuma ba lallai ne a samu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san harkar gini ba.

Abin da injiniyan ya gani ba ɓoyayye ba ne. Farfajiyar da ke kewaye da wurin ninƙaya tana zaune ne a kan wani faffaɗan daɓen kankare, a ƙarƙashinsa kuma motoci ake ajiyewa. Shimfiɗar da aka yi don hana ruwa ratsa kankaren ta mutu, kuma tun asali ba a ba ta gangare ba, don haka ruwa kwanciya yake yi a kanta sai dai rana ta shanye shi. A ƙasa, ginshiƙai da bango sun tsattsage, wasu wurare kankare ya ɓalle har ana ganin rodi. Ya rubuta cewa ɓarnar babba ce, kuma idan ba a sauya shimfiɗar nan kusa ba, lalacewar za ta riƙa ninkuwa. An ƙiyasta aikin a kan kimanin dala miliyan 9. Asusun ajiyar ginin bai kai dala miliyan 1 ba.

Daga nan aka shiga ja-in-ja. Wata guda bayan rahoton, wani jami'in gine-gine na garin ya halarci taron mazauna ya ce musu ginin yana cikin kyakkyawan hali, kuma ba sai an faɗa ba, kunne ya fi son irin wannan magana. A 2019 mutum 5 daga cikin 7 na kwamitin suka ajiye muƙamansu saboda rikicin kuɗin gyaran. Annobar korona kuma ta zo a 2020. Sai a Afrilu na 2021 shugabar kwamitin ta lokacin, Jean Wodnicki, ta rubuta wa masu gidajen wasiƙa tana shaida musu cewa ɓarnar ta ƙaru sosai tun bayan binciken farko. Yanzu kuɗin da za a karɓa ya kai dala miliyan 15, wani ɓangare saboda ƙarin ayyuka da tashin farashi, wani ɓangare saboda abin da ruwa ya ci a tsakanin. Mai ƙaramin gida zai biya kimanin dala 80,000, mai mafi girma sama da dala 330,000, ko dai a dunƙule ko a rarraba cikin shekara 15. An sa 1 ga Yuli a matsayin wa'adin zaɓen hanyar biya. Har an soma aikin rufi.

Cikin daren 24 ga Yuni, da misalin ƙarfe ɗaya da minti ashirin, wani babban sashe na benen ya rufta. Mutum 98 suka rasu.

Ba na so mai karatu ya fita daga wannan labari da tunanin cewa wasu marowata ne suka kashe maƙwabtansu. Hukumar NIST ta gwamnatin tarayyar Amurka, wadda ta ɗauki shekaru tana bincike, ta nuna cewa tun daga zane da kuma yadda aka aiwatar da ginin, mahaɗar daɓen farfajiyar da ginshiƙanta ba ta kai ƙarfin da ƙa'ida ta tanada ba, sannan daga baya aka ƙara mata nauyi. Kwamitin ya gaji rauni ne da ya girmi zamansa. Kuma a cikin masu gidajen akwai tsofaffi 'yan fansho waɗanda gidan nan shi ne duk abin da suka tara a duniya. Wanda aka ce wa ya kawo dala 80,000 alhali ba shi da ita, in ya ce a dakata, ba mugunta ce ta sa shi ba. Abin da nake so a lura da shi daban ne: a duk tsawon wata 32 da aka yi ana muhawara a kan lokacin da ya dace, akwai wani lissafi da ke tafiya a ƙarƙashin ƙafafunsu, wanda bai san da annoba ba, bai kuma san da farashin kaya ba.

Ga yadda lissafin yake. Kankare yana da ƙarfin ɗaukar nauyin da ke danna shi, amma ba shi da ƙarfin jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi. Muddin kankaren na rufe da rodin ruf, sinadarin da ke cikin siminti yana kare ƙarfen daga tsatsa. Da zarar ruwa ya samu hanya, musamman in yana ɗauke da gishiri, kariyar ta karye, rodi ya soma tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye, don haka sai ta tura kankaren daga ciki har ya tsage. Tsagar ta buɗe wa ruwa ƙofa mafi faɗi, ruwan ya ƙara tsatsa, tsatsar ta ƙara tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan shi mai shigar ne da kansa ke faɗaɗa tsagar. Wannan ya sa ɓarnar shekara ta uku ba ta yin daidai da ta shekarar farko. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, de Sitter, ya taƙaita abin a farkon shekarun 1980 da wata ƙa'ida da masana kankare ke yawan ambata: abin da kuɗi 1 zai tsare a lokacin zane da gini, zai ci 5 idan aka bari sai an zo kiyayewa kafin tsatsa ta kama, ya ci 25 idan ta soma bayyana nan da can, ya ci 125 idan ta game ginin. Ƙiyasi ne na nuni, ba awo na sikeli ba, amma duk wanda ya taɓa ganin an fasa silin don a nemo inda ruwa ke yoyo ya san ba ƙarya a ciki.

To ina matsin tattalin arziki ya shigo? Jihar Florida ta riga ta ba da amsa sama da shekara goma kafin ruftawar benen Surfside. A 2008 majalisarta ta yi dokar da ta wajabta wa irin waɗannan benaye masu sama da hawa uku su kira injiniya ko mai zanen gini ya duba su duk shekara biyar, ya faɗi abin da gyara zai ci. A daidai lokacin kasuwar gidaje ta Amurka ta faɗi, kuma Florida na cikin jihohin da abin ya fi yi wa illa. Dubban mutane suka kasa biyan bashin gida, bankuna suka shiga ƙwace, wanda kuma ya kasa biyan banki ba zai biya kuɗin watan kwamiti ba. Ko bayan banki ya karɓe gida, doka ta taƙaita abin da zai biya daga bashin da tsohon mai gidan ya bari, ragowar sai ya faɗo kan maƙwabtan da ke biya. A 2010 aka soke dokar binciken, da hujjar rage wa mutane nauyi. Dama kuma dokar jihar ta bai wa masu gidaje damar kaɗa ƙuri'a su yafe wa kansu zuba kuɗi a asusun ajiya, kuma da yawa sun yi hakan shekara bayan shekara. Tausayi ne ya kawo duka biyun, ban musa ba. Sai dai tausayin ya rufe wa mutane ido daga halin da gininsu ke ciki, a lokacin da suka fi bukatar sani.

Abin takaicin shi ne, ga kwamitin da ke da kuɗi a hannu, da wuya a samu lokacin gyara mai sauƙi kamar waɗancan shekaru. Tsakanin 2006 da 2010 sama da mutum miliyan 2 suka rasa aiki a harkar gine-gine a Amurka. 'Yan kwangilar da a da sai an yi musu layi suka koma neman aiki ido rufe, suna sassauta farashi, ƙwararrun ma'aikata kuma suna zaune. Babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili a Disamba 2008. Amma arha ba ta amfanar wanda aljihunsa ba komai, banki kuma ba ya ba da rance ga ginin da yawancin mazaunansa ke da bashin kuɗin wata a wuyansu. Waɗanda suka ci moriyar wannan dama su ne waɗanda suka yi shekaru suna tarawa lokacin da abubuwa ke tafiya daidai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitin da bai tara ba, ba shi ne ke zaɓar lokacin gyara ba, ginin ne zai zaɓa masa.

Wani zai ce wannan matsalar mutanen Amurka ce. Ba haka ba ne. Daga 2005, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, gwamnatin tarayya ta sayar da gidajenta na birnin, yawanci ga ma'aikatan da ke zaune a ciki. Benayen Garki da Wuse, waɗanda da yawansu an gina su ne a shekarun 1980, suka tashi daga hannun mai gida ɗaya suka koma hannun mutum shida, ko takwas, ko goma sha biyu, duk a ƙarƙashin rufi guda. Kowa ya karɓi takardar ɗakunansa, ya sa tayil, ya sauya ƙofa. Rufi da bututun ruwa da matakala da sokawe kuwa suka zama na kowa, wato na babu kowa. Shekarun waɗannan gine-gine sun yi kusa da na Champlain. Babu iskar teku mai gishiri a Abuja, wannan sauƙi ne babba, amma akwai damina ta kusan wata bakwai. Haka kuma sababbin rukunin gidaje da ke ta tashi a Abuja da Kaduna da Kano duk suna da ƙungiyar mazauna mai karɓar kuɗin hidima, kuma kusan duk kuɗin yana ƙarewa ne a man janareta da albashin masu gadi da kwasar shara.

Sai dai akwai bambancin da dole kwamiti a Najeriya ya gane, domin wanda ya ɗauko shawarar Amurka yadda take zai yi asara. Matsin da Amurkawa suka shiga a 2008 irin wanda farashin aiki ke sauka ne. Namu irin wanda aljihu ke bushewa, farashi kuma yana hawa a lokaci guda. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan na Fabrairu aka yi maganar tsai da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Rodi da kwano da waya duk suka bi sahu. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anar wannan ga ma'ajin ƙungiya a lokacin ita ce, kuɗin da ya kwana shekara guda a asusu ba tare da ya motsa ba ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai iya saya. Rance kuma ba mafita ba ne mai sauƙi, tunda Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ban da cewa da yawa daga cikinmu ba za su shiga bashi mai ruwa ba ko da an ba su.

Saboda haka idan dattijo ya miƙe a taro ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, a bari ƙura ta lafa tukuna, yanzu kowa na fama da abin sawa a baki," gaskiya ya faɗa game da halin mutane, kuma ya cancanci a saurare shi da girmamawa. Amma shugaban yana da haƙƙin ya tambaya, cikin ladabi, ko a tsawon rayuwar Baba ya taɓa ganin siminti ya koma farashinsa na shekara biyu baya ya zauna. A irin matsinmu, mai jira yana biya ta fuska biyu: ɓarna na girma, kuɗin da aka tara kuma na narkewa.

Ba ina cewa a yi kowane aiki yau ba ne. A lokacin ƙunci kwamiti mai hankali yakan ajiye ayyuka da yawa, kuma ya kamata ya ajiye. Tambaya ɗaya ce ke raba su: idan aka bar wannan aiki shekara guda, girmansa zai ƙaru, ko farashinsa kawai? Fentin ado, da sabuwar ƙofar shiga, da shimfiɗa bulo a harabar gida, da sauya tayil na matakala, duk za su same ka yadda ka bar su. Rufin da ke yoyo, da bututun da ke zuba a cikin bango, da magudanar da ta toshe har ruwa na kwanciya a gindin gini, da tankin ruwa na sama da ke tsiyaya a kan dakali, da barandar da rodinta ya fito ya yi ja, waɗannan ba za su tsaya inda suke ba. Tsohuwar wayar lantarki ma tana cikin wannan sahu, ko da yake nata haɗarin gobara ce. Abin da na lura da shi shi ne, taro ya fi saurin amincewa da fenti, domin kowa zai gan shi, kuma wanda ke hawa na ƙasa ba ya jin zafin rufin da ke zuba a kan na sama. Sai an nuna masa cewa ruwan da ya shiga ta sama yana bin ginshiƙin da ke riƙe da nasa ɗakin.

Kakanninmu masu gidajen ƙasa ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin muhawara ba. Ana yaɓe soro a gyara indararo kafin ruwan farko, ko an yi shekarar albarka ko ba a yi ba, domin kowa ya san abin da damina ɗaya ke yi wa katangar da aka bari. Kankare ya ruɗe mu ne saboda shi yana ɓoye ciwonsa shekaru masu yawa. Amma kalandar ba ta sauya ba. Aikin rufi da na hana ruwa shiga aikin rani ne, kuma a Abuja wannan na nufin daga Nuwamba zuwa Maris. Kwamitin da ya ce a watan Janairu a ɗaga magana zuwa wata uku, a zahiri ya ɗaga ta shekara guda ne, ya kuma ba ruwa damina sukutum. In ana so a yi aiki a rani, to a cikin damina ake kiran injiniya, lokacin da yoyon ke nuna kansa, a cikinta ake karɓar farashi daga 'yan kwangila, a kuma soma karo-karo. Wa'adin biya kuma a kauce wa Satumba da Janairu da iyaye ke neman kuɗin makaranta, a kauce wa azumi da jajibirin salla.

Inda ya kamata tausayi ya yi aikinsa shi ne wajen biya. A nan kwamiti na da fili mai faɗi. Ana iya raba aikin kashi-kashi bisa tsarin da injiniya ya jera, a soma da toshe hanyar ruwa, domin wannan kaɗai yana rage saurin ɓarnar ya sai wa mutane lokaci. Ana iya barin masu hali su biya nasu a dunƙule a soma da shi, 'yan fansho da zawarawa su biya kaɗan-kaɗan a tsawon lokaci, a rubuce, kowa ya sa hannu. Kuɗin da ya shigo kuma kada a bar shi ya kwanta. Rodi da kwano suna ajiyuwa idan akwai wuri mai tsaro da ba ya jiƙa, don haka a saye su da wuri. Siminti ba ya ajiyuwa, bayan 'yan watanni ƙarfinsa raguwa yake, shi sai aiki ya zo. A kuma yi hattara da ɗan kwangilar da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba. A lokacin hauhawar farashi irin wannan ko dai ya rage siminti da kaurin rodi, ko ya tsere a tsakiyar aiki ya bar rufi a buɗe. Gara a biya shi mataki-mataki, bayan injiniyan da kwamiti ya ɗauka, ba nasa ba, ya duba ya amince.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa mai cewa shi zai sayar ya tashi kafin matsalar ta girma. Bayan Surfside, manyan cibiyoyin da ke sayen basussukan gidaje a Amurka, Fannie Mae da Freddie Mac, sun daina karɓar bashin gidan da ke cikin benen da aka san yana da babban gyaran da ba a yi ba. Mai saye ya rasa rance, mai sayarwa ya rasa mai saye. A Mayu 2022 Florida ta yi sabuwar doka: benaye masu hawa uku zuwa sama dole a bincike su idan sun kai shekara 30, dole a yi lissafin abin da gyaran ginshiƙai da rufi zai ci, kuma an rufe ƙofar yafe wa kai zuba kuɗin ajiya na waɗannan sassa. Kuɗin da aka ƙi tarawa a hankali cikin shekara talatin sai ya faɗo wa mutane a lokaci ɗaya, kuɗin wata ya yi tsalle, tsofaffi da dama suka sa gidajensu a kasuwa a farashin da ba su so ba. Koke ya yi yawa har majalisar ta ɗan sassauta a 2025, ta ƙara wa'adi, ta kuma yarda a yi amfani da rance wajen cike asusun. Binciken kansa ba ta soke shi ba a wannan karon.

Mazauna benayen Garki da Wuse su ne za su yi wa kansu wannan tsari, tunda rufin nasu ne. Matakin farko shi ne mafi arha a duk harkar: a haɗa kuɗi a ɗauko injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, ya hau rufi, ya duba ginshiƙai da barandu da gindin gini, ya rubuta abin da ya gani, ya jera ayyukan bisa gaggawarsu tare da ƙiyasin kuɗin kowanne. A buga rahoton a ba kowane mai gida kwafinsa, har da wanda ya ba da haya yana zaune a wani gari. A karanta shi a taro, a fassara wa wanda bai ji Turanci ba, a rubuta a littafin ƙungiya ranar da aka karanta da abin da aka tsayar. Idan taro ya zaɓi ya ɗaga wani aiki, a rubuta har zuwa yaushe, a kuma rubuta abin da injiniya ya ce zai faru da ginin a tsakanin.